Mai Ba da Hutun Jinya

Zuwa ga Auta, ƙanwar mijina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya jama'ar da kike kiwo a can? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Yayanki yana nan yadda kika san shi, rabinsa a gida rabinsa a kan titi. Yara kuma kullum cikin ci da girma.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. To, waya ta gagare ni da ke. In na kira ki ce kina cikin taro, in kika kira ina gaban allo da alli a hannu, in kuma muka dace, Inna na zaune kusa da ni tana kallon bakina, ba damar in faɗi abin da nake son faɗa. Tunda motar Yayanki tana ratsa garinku in ya ɗauko kaya, na ce bari in mai da shi ɗan aike, ya yi mana amfani.

Maganar Inna ce. Jikin da sauƙi, ƙafar ma ta daina kumburi. Kan ne. Mantuwar nan da kika gani zuwanki na ƙarshe, wadda muka riƙa yi wa dariya, ta wuce wurin dariya. Ranar nan ta ɗora tukunya ba ruwa a ciki, ta koma ɗaki ta kwanta, ƙauri ne ya kirawo maƙwabciyarmu. Yanzu in zan tafi makaranta sai na kulle kicin na tafi da makulli, maƙwabciyar kuma tana leƙa ta. Jiya ta gaida Yayanki gaisuwar baƙo, har da tambayarsa mutanen gidansu. Sai da ya yi magana ta gane muryar, ta kama dariya. Shi kuwa ya fita waje ya daɗe yana goge gilashin motar da ba ta da datti.

Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Ya ce duk wanda yake son ta ci gaba da saninsa, ya riƙa nuna mata fuskarsa. Ke kuma kullum da la'asar sai ta tambaye ki. "Auta ba ta taso ba?" In ce mata kina wurin aiki. Ta ce, "Wannan aiki nata ba a tashi ne?"

Ban ce ki bar aikinki ba, Manaja. Cewa na yi ki zo ki zauna da ita ki kwana biyu, ba irin zuwanki na shan ruwa a tsaye ba. Yayanki ya ce wai ke ce ma mai ba mutane hutu a kamfanin. To ki duba madubi, ki ba wadda kika gani a ciki.

Ki ba Yayanki amsa in zai juyo, ki saka masa a aljihu da hannunki, kin san halinsa.

Matar Yayanki,
Malama

* * *

Zuwa ga Malama, matar Yayana,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, har da warin man mota. Ina lafiya. Ina gaida Inna, ina gaida yara, ke kuma sannu da ɗawainiya.

Yaya bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa miki duka ba, don shi ma bai sani ba. Bari in warware miki.

A masana'antar nan roba ake narkawa, a yi bokitai da kujeru da robobin wanka. Ni ba na taɓa injin ko ɗaya. Nawa mutanen ne: ɗaukarsu aiki, horar da su, sasanta su in sun saɓa, sallamarsu in ta kama. Da na zo na tarar ofishin kula da ma'aikata wuri ne da ba a shiga sai an yi laifi. Na sa aka tura teburin jikin bango, na ajiye kujeru biyu gefe da gefe, na tokare ƙofa a buɗe. Kowace safiya kafin in zauna sai na zaga cikin injina, ina ihu ana ihu, don a can ake jin gaskiya. A zagayen nan na gano abin da ke raba mu da mutanen kirki. Uwa ce za ta kwanta, ko uba, mutum ya nemi izini a hana shi, ya tafi da kansa, ya dawo ya tarar wani yana tsaye a gaban injinsa.

Shi ne na rubuta tsarin da muke kira hutun jinya. In mahaifin ma'aikaci ko mahaifiyarsa suka kwanta, ya tafi ya yi jinya, aikinsa na jiransa. Na sha wuya kafin a saurare ni, Malama. A ƙarshe Babban Manaja ya ce a gwada a gani, in masu kamfani suka zauna taronsu, su tabbatar ko su soke. A zaman da ya faɗi haka ne Akanta, wani dogo mai magana yana kallon silin, ya ce, "Na dai ji ita ma tsohuwarta ba ta jin daɗi. Allah ya sa ba riga take ɗinka wa kanta ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Kin ga inda nake. In na ɗauki hutun nan kafin a tabbatar da shi, na miƙa wa Akanta wuƙa da hannuna, kuma ba ni kaɗai abin zai shafa ba. Akwai mutane a ƙasa da suka fara ɗaga kai saboda shi. Hutuna na shekara kuwa ya tafi a kwas ɗin da na yi don takardar ƙwarewa. Hanyar kuma kin san ta, zuwa wuni, dawowa wuni, ƙarshen mako ba ya ɗaukarta.

Taron ba shi da nisa. Da zarar an tabbatar, ni ce ta farko a layi. Ki ce wa Inna ina nan tafe. Na ba Yaya man zafi da takalmi mai taushi ya kawo mata.

Madubin kuma na duba. Matar da ke ciki ta ce in bi ƙa'ida.

Taki,
Auta

* * *

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Takalmin ya yi mata daidai, sai dai ta tura shi ƙarƙashin katifa, wai kada masu shi su zo nema.

Na karanta bayaninki. Da ɗalibata ce ke, da na ba ki maki mai kyau a tsara magana. Akantan nan naku ki gaishe min da shi, ki ce wata malamar firamare ta ce ya riƙa sauke ido daga silin yana ganin mutane. Ban fahimci komai da komai ba, amma na fahimci kina tsoron a ce. To ba zan ja da ke ba, ke kika san wurin aikinki.

Ni ma na je wurin hedimasta na roƙa ya rage min darasin ƙarshe in riƙa dawowa da wuri. Ya ce ai ba mahaifiyata ba ce, surukai ba sa ciki. Na yi godiya na fito. Ki duba naku tsarin, ko a can an san cewa matar ɗa ce ke yi wa tsohuwa wanka.

Inna ta yi sanyi kwanan nan. Rigimar kicin ta ƙare, ba ta ma nufar wajen. Tana ci in an ba ta, tana barci, tana zama a kan gado tana murza bakin zaninta. Yawon neman gyale da take yi ɗaki ɗaki ya ragu. Tambayarki da la'asar ma ta daina. Nakan zauna kusa da ita ina duba littattafan yara, har rana ta faɗi ba ta ce uffan ba.

Ni kuwa ban san ko gajiya ce ko sabo ba. Da, in na gama yi mata wanka sai na shiga ɗaki na share ido. Yanzu ina cuɗa mata baya ina tunanin darasin gobe.

Yaushe ne taron naku?

Malama

* * *

Malama,

Ina gaisuwa, ina gaida kowa. Ina lafiya. Alhamdu lillahi da jin Inna ta samu natsuwa. Wallahi layin nan da kika ce ta daina tambayata, shi ya sauke min wani nauyi. Tambayar nan tana bina har cikin injina. Tunda ta haƙura ta kwantar da hankalinta, ni ma zan iya ƙarasa abin da na fara da hankali ɗaya. Da alama maganin likitan ya karɓe ta.

Maganar hedimastanku ta tsaya min a rai. Kin yi gaskiya, tsarina bai san suruka ba, alhali yawancin masu ɗaure kaya a nan mata ne, iyayen miji suke jinya. Na koma na gyara, na saka surukai da duk wanda ya riƙe mutum yana ƙarami. Babban Manaja ya ce tunda an taɓa rubutun sai lauyan kamfani ya sake dubawa, don haka ba zai shiga wannan taron ba, sai na gaba. Ban yi musu ba. Gara a tabbatar da abu cikakke.

Akwai wani direban injin ɗaga kaya da ake ce wa Sarkin Kwana, saboda yadda yake juya injin a lungun da mutum ma sai ya karkace. Na lura ya fara karo da kwalaye. Na kira shi muka zauna a kujerun nan, na yi shiru, don na koyi cewa in ka yi shiru, mutum da kansa zai cike wurin da abin da ke cinsa. Ashe mahaifinsa ne a kwance, yana tsoron tafiya kada a ce ya cika son hutu. Na ce masa, "Kwalayen nan za su jira ka. Shi ba lallai ya jira ba." Na raka shi har bakin get, don na san in na bar shi zai koma kan injin. Ya tarar da tsohon da sauran magana, sun yi sallama da juna. Da ya dawo ya shigo ofis ya durƙusa yana kuka yana yi min addu'a. Na miƙa masa ruwa, na faɗi abin da ake faɗa.

Malama, wannan ke kaɗai nake gaya wa. Ban ji komai ba. Ina kallonsa ina tunanin yadda zan mayar da wanda ya riƙe masa injin inda aka ɗauko shi. Da can in mutum ya yi kuka a kujerar nan, abinci ba ya shiga min ranar. Yanzu na san lokacin miƙa ruwa, na san lokacin sunkuyar da kai, jikina ke yi, ni ina gefe ina kallo. Ma'aikata sun sa min suna Maman Kowa. In sun kira ina amsawa.

Ki ƙara haƙuri da ni zuwa taro na gaba. Ki ce wa Inna takalmin nata ne, ba mai zuwa nema.

Auta

* * *

Auta,

Na yi sallama, na gaishe ki, kowa lafiya. Na gama da wannan.

Na karanta takardarki na ajiye, na fita tsakar gida na tsaya, ban san me na fita yi ba. Na rubuta miki kamar mai tsoron tada mai barci, ke kuma kika karanta abin da kike so. To bari in rubuta da manyan baƙaƙe yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Inna ba haƙura ta yi ba. Ta daina tambayarki ne don la'asar tana zuwa ta wuce ba ta tuna akwai wadda ya kamata ta taso daga aiki ba.

Ranar nan na sauko da hotonki na gama jami'a, wanda ke jikin bangon falo, na ɗora mata a cinya. Ta goge shi da bakin zani ta ce, "Kyakkyawa. 'Yar waye?" Na ce Auta ce. Ta ce, "A'a, Auta ai tana wurin aiki." Ta miƙo min shi da hannu biyu kamar kayan aro. Kin gani, sunan yana nan, yana zuwa yana tafiya. Fuskar ce ta sulale. Ni da take gani kullum, wani lokaci matar ɗanta ce, wani lokaci ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ki. Yayanki ya koyi yin sallama tun daga waje, don muryar ta riga fuskar shiga.

Kin saka surukai a tsarinku, na gode, matan can za su ji daɗi. Amma ni ba gyaran rubutu na aike ki ba. Na ba ki labarin abin da ke damuna, kika mai da shi sakin layi, kika ƙara wa kanki nisa. Kin raka Sarkin Kwana har get. Ke wa zai raka ki? Maganar da kika faɗa masa, ki tsaya tsakiyar ofishin nan ki sake faɗarta da ƙarfi, ko kunnenki zai ɗauka. Ko ba ki cikin ma'aikatan ne?

Ba faɗa nake yi ba, ba ni da ƙarfin faɗa. Ranar hoton na kira ki, kika ce kina tsakiyar sulhu za ki kira. Da kika kira, Inna na riƙe da hannuna, na ce miki lafiya lau. Ba zan sake cewa ki zo ba. Na dai faɗa miki abin da ake ciki.

Malama

* * *

Malama,

Ina gaisuwa. Sai yau takardarki ta zo hannuna, bayan ta yi makonni a aljihun gaban motar Yaya. Motar ta lalace a hanya aka ja ta gareji, shi ya hau wata ya ci gaba da aiki, takardar na can cikin tsumma da tsofaffin takardun mota. Sai da aka gyara ya gan ta. Ya kawo min har ofis, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ban san me ke ciki ba, amma tun da ta ba ni ba ta ƙara ambatonki ba." Na tambaye shi shi me ya hana shi faɗa min halin da Inna ke ciki. Ya ce, "Duk zuwana akwai mutum a kujerarki."

Yanzu na gane dalilin da duk wayar da na yi miki a tsakanin nan ba ta wuce "lafiya lau". Kin ɗauka na karanta na yi shiru. Ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Na karanta na jira in ji wani abu ya tsinke a cikina. Babu. Na ninke takardar, na ƙarasa sauraron wasu mata biyu da suka yi faɗa a kan fanka, na raba musu wurin tsayuwa. Sannan na cike takardar hutun jinya da sunana. Wurin sa hannun mai amincewa nawa ne, ba zan amince wa kaina ba, don haka na hau sama wurin Babban Manaja.

Tun daga matakala nake shirya jawabi: cewa na san ba a tabbatar ba, cewa in suna so su kira shi da wani suna, kada dai tafiyata ta shafi tsarin. Bai bar ni na kai rabi ba. Ya sa hannu yana amsa waya, ya rufe bakin wayar da tafinsa ya ce, "Ni na ɗauka ma kin je kin dawo." Akanta na zaune a gefe da fayil a cinya. Na juya na ce masa ga rigar nan da ya ce ina ɗinka wa kaina, yau zan saka. Ya sauke ido ya kalle ni ya ce, "Wace riga?" Na tuna masa. Ya yi tunani, ya yi tunani, sannan ya ce, "Ni na faɗi haka? Kai, to wasa ne. Allah ya ba ta lafiya, ki gaishe ta." Da gaske yake, Malama. Bai tuna ba.

Watannin nan duka ina gadin wata magana, mai ita ya yar da ita tun kafin ya bar ɗakin taron. Na sauko na tsaya cikin injina inda ba mai jin kowa, har wani ya taɓa ni ya nuna min na tare hanya.

Na miƙa ofis ga mataimakiyata. Yaya zai wuce gaba ya sauke kaya, in ya juyo zan biyo shi. Wannan takardar na ba abokin aikinsa da ke komawa yau, don ta riga ni isa. An kusa hutun makaranta, ko? In na zo kika nuna min yadda ake yi, za ki kwashi yara ki tafi gidanku ki huta. Ba shawara ba ce. Hedimasta bai ba ki ba, ni na ba ki.

Auta

* * *

Malama,

Sallama. Da fatan kun isa lafiya, kin tarar da su Baba lafiya, yara kuma ba su hana ki barcin da kika je yi ba. Mu nan lafiya. Inna tana ci, tana shan magani. Na iya wankan yanzu, sai an fara jiƙa mata ƙafa take yarda da ruwa, kamar yadda kika ce.

Kafin ki tafi kin tambaye ni me ya faru ranar da na fara shiga wurinta, na ce miki ba komai. Kin dai ga na fito na hau wanke-wanke. Ba zan iya faɗa da baki ba, shi ya sa na bari sai da kika yi nisa.

Daga ofis na shiga motar Yaya, ban canza kaya ba, katin aiki ma yana rataye a wuyana ban lura ba. Na yi sallama tun daga waje. Ta amsa. Da na shiga ta dube ni daga takalmi zuwa katin nan, sai ta gyara zama, ta jawo gyale, ta share gefen gado da tafin hannu ta ce, "Bismilla, ranki ya daɗe." Na ce, "Inna, ni ce. Auta ce." Fuskarta ta washe, na ce a raina shi ke nan, na iso a kan lokaci. Sai ta ce, "Kin san ta? Daga wurin aikinsu kike?"

Na sake faɗa mata. Na cire katin, na cire ɗankwali, na kai fuskata kusa da tata, na kama hannunta na ɗora a kumatuna. Ta janye a hankali, irin janyewar da ake yi wa babban baƙo don kada ya ji kunya. Ta ce, "Ke ce babbarsu ko? Na ga alama."

Daga nan ta rage murya. Ta ce, "Ina da roƙo, in ba za ki ji haushi ba. Yarinyar nan tawa ba ta da ƙiwuya. Tun tana ƙarama in ana rabon abu sai ta ga kowa ya samu, ita ta tashi hannu rabbana ta ce ta ƙoshi. Ba za ta buɗe baki ta tambaye ku ba, na san halinta. Ni nake roƙa mata. Ki ba ta hutu ko kaɗan ne, ta zo in gan ta. Ba zan riƙe ta ba, wallahi, da na gan ta zan sako muku ita."

Malama, kin san me na yi? Na zauna gefenta, na yi shiru har ta gama, na sunkuyar da kai daidai inda ake sunkuyarwa. Na ji bakina yana cewa, "An ba ta, Mama. Tana hanya." Ta kama hannuwana ta yi ta sa min albarka, ta ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu tunawa da ni. Na amsa amin, na tashi na fita.

A wurin wanke-wanken abin ya same ni. Ba kuka ba ne, ko sauti babu. Na tsaya da kwano a hannu ina kewar uwata, bango ɗaya ne tsakaninmu. Can ya lafa, na ɗauraye kwanon na kife.

Tun tafiyarki ba abin da ban gwada ba. Na sa tsofaffin kayana da ke cikin akwatinta, na kwanta a ƙafafunta yadda nake yi da, na ba ta labarin gidanmu na dā. Tana saurare tana gyaɗa kai, ta ce lallai Auta ta ba ni labari da yawa. Likita ya ce kada in matsa mata, wata rana abin yakan faɗo na ɗan lokaci, wata kuma ba ya faɗowa. Ta dai saba da ni. Tana gaya wa maƙwabciya cewa ni mutuniyar kirki ce, babba guda amma ina wanke mata ƙafa. Mataimakiyata ta kira ta ce masu kamfani sun tabbatar da tsarin, har da surukai. Na ce madalla, na koma na ci gaba da yanke wa Inna farce.

Yawancin abubuwa ba sa kwana a kanta, amma wannan ya kwana. Ta riƙe cewa an ba Auta hutu. Kullum da safe sai ta sa na share ɗakin baya na shimfiɗa zanin gado mai tsabta, sannan in fitar mana da benci ƙofar gida. In mota ta rage gudu sai ta dafa gwiwata ta miƙa wuya. In ta wuce ta ce, "Ba ita ba ce. Hanyar da nisa." Ni kuma in ce, "Da nisa, Mama."

Ki huta sosai, kada ki yi gaggawar dawowa. Ki gaida su Baba da yara. Zan ajiye biro, tana kirana. Wai in zo in taya ta duba hanya, idona ya fi nata, kada yarinyar ta zo ta wuce gidan.

Auta